Amsoshin Wasiƙunku: Ina Asalin Kalmar "Reasonable" Da Ake Yawan Ji A Kotu?

TAMBAYA: Wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu wuri guda, domin amsarsu ɗaya ce. Ta farko ta zo mana daga wani mai sauraronmu, falken hatsi mai cin kasuwannin ƙauye a ƙasar Katsina. Ga abin da ya ce: "Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, don Allah ku warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai. Na je kotu ba da shaida a wata shari'a ta ƙanena. Na lura akwai wata kalmar Turanci, wai reasonable, wadda joji da lauyoyi ba sa magana uku ba su ambace ta ba. Shi kuwa tafinta in ya zo kanta, wani sa'i ya ce dalili, wani sa'i ya ce mai hankali, wani sa'i kuma ya ce daidai gwargwado. Shin kalma ɗaya ce mai fuska uku, ko kuwa tafintan ne ke yi mana rufa-rufa? Kuma ina asalinta?"

Ta biyu kuma daga wani manomi ce a ƙasar Maraɗi, wanda ya ce ya ɗan taɓa lakwal yana yaro. Shi tambayarsa ita ce, me ya sa a Faransanci ake cewa juge da raison, a Ingilishi kuma ake cewa judge da reason? Wa ya ari na wani?

AMSA: To, Malam falke, da farko dai ka saki ranka game da tafinta. Ba mu san shi ba, ba mu kuma halarci shari'ar ba, amma a kan wannan kalma kam bai cuce ku ba. Duk fassarar nan uku da ya kawo suna cikin cikinta. Yadda aka yi ta kwaso su kuwa labari ne mai tsawo, kuma daga sana'arku ta kasuwa ya faro.

Kalmar reasonable 'ya ce ga kalmar reason. Ita kuwa reason, in ka bi salsalarta, sai ta kai ka birnin Rum na ƙasar Italiya, inda ake magana da harshen Latin shekaru dubu biyu da suka wuce. A wannan harshe akwai wata kalma, ratio, wadda ma'anarta ta fari ita ce lissafi. Lissafi irin naka: abin da ya shigo, abin da ya fita, nawa ake bin wane. In attajirin Rum ya kira yaronsa ya ce ya zo ya ba da ratio, nufinsa ya zo ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. To, wanda ke ba da lissafi ai dole ya faɗi abin da ya sa ya kashe kaza a wuri kaza, daga nan kalmar ta ɗauki ma'anar dalili. Kuma ba mai iya lissafi sai wanda kansa ke ja, daga nan ta ɗauki ma'anar hankali. Sa'an nan lissafin da ya fita daidai, ba ƙari ba ragi, shi ya ba ta ma'anar gwargwado. Ka ga fuskokin nan uku ke nan, tun ba ta bar gida ba.

Rumawa sun mallaki ƙasar da a yau ake kira Faransa har shekaru ɗaruruwa, harshensu kuma ya zauna a can ya rikiɗe a bakin jama'a ya zama Faransanci. Ratio ta koma raison. Haka kuma kalmarsu ta alƙali, watau judex, wadda ke nufin mai faɗin doka, ta koma juge. Saboda haka, Malam na Maraɗi, amsarka a taƙaice ita ce Ingilishi ne ya ara daga Faransanci. Sai dai aron nan ba na maƙwabtaka ba ne, a bakin takobi aka yi shi.

Kafin shekarar 1066 mutanen Ingila suna da harshensu, ɗan'uwan Jamusanci, suna kuma da kalmominsu na shari'a. Hukunci su doom suke ce masa. Yanke hukunci kuma deem. Majalisar dattawan da ke ba sarki shawara ana kiranta witan, watau masana, daga kalmar wit mai nufin sani. Cikin watan Janairu na wannan shekara sarkinsu Edward ya rasu bai bar ɗa ba. Aka naɗa Harold. Amma a ƙetaren ruwa, a wani yanki na arewacin Faransa da ake kira Normandi, akwai wani basarake mai suna William wanda ya ce shi aka yi wa alkawarin gadon. Ya tara jirage da dawaki ya haye. Ran 14 ga watan Oktoba aka gwabza kusa da garin Hastings tun safe har yamma, aka kashe Harold a fagen fama. Ranar Kirsimeti ta wannan shekara aka naɗa William sarkin Ingila.

William ya ƙwace kusan dukan manyan filaye daga hannun sarakunan gargajiya ya raba wa mayaƙansa. Fada, da manyan coci-coci, da kujerun shari'a, duk suka koma hannun masu jin Faransanci. Talaka yana nan a gona da harshensa. Har yau ana ganin tabon wannan zama a bakin Bature. Saniya tana kiwo sunanta cow, kalmar talaka mai kiwonta, amma in an yanka ta an kai teburin mai gida sai ta zama beef, kalmar Faransanci. Tunkiya sheep ce a garke, mutton ce a akushi. Masana sun ƙiyasta cewa kalmomin Faransanci wajen dubu goma ne suka shiga Ingilishi a ƙarnonin da suka biyo baya.

Cikin 1086 William ya aika da malamai suka zaga ƙasa suna rubuta komai: gona nawa ce a gari kaza, garma nawa, injin niƙa nawa, wa ke da su a da, wa ke da su yanzu, nawa za su kawo na haraji. Wurare fiye da 13,000 aka rubuta. Duk wanda ya ji labarin ƙidayar jangali daga bakin kakanni ya san yadda zuciyar talaka take a irin wannan rana. Daga baya jama'a suka laƙaba wa littafin suna Domesday, watau ranar hisabi, domin abin da aka rubuta a ciki ba a ɗaukaka ƙara a kansa. Littafin yana nan har yanzu a ma'ajiyar tarihi ta ƙasar a London. Ita kuwa tsohuwar kalmar doom, da sabuwar kalma judgment ta ture ta daga kotu, sai ta rage da ma'anar mugun ƙarshe kawai. In Bature ya ce doom a yau, halaka yake nufi. Amma a wani tsibiri da ake kira Isle of Man, tsakanin Ingila da Ailan, har gobe Deemster ake kiran babban alƙali.

In ka shiga kotun Ingila ka ƙirga kalmomin da ake aiki da su, yawancinsu ta hannun mutanen William suka shigo: court, judge, justice, evidence, summons, bail, prison, appeal. 'Yan kaɗan ne suka tsira, kamar witness, watau shaida, wadda ta fito daga wit ɗin nan da muka ambata. Ita ma law, watau doka, ba ta gida ba ce, wasu mahara daga ƙasashen Denmark da Norway ne suka kawo ta tun kafin zuwan William.

Amma kada ka ɗauka shigowar kalmar reason ita ce shigowar aiki da hankali a shari'a. A wancan zamani in an zargi mutum da babban laifi, ba hujja, sai a sa shi ya ɗauki jan ƙarfe daga wuta ya yi 'yan taku da shi. A naɗe hannun, bayan kwana uku limamin coci ya kwance ya duba. In ciwon ya kama hanyar warkewa an wanke shi, in ya ruɓe shi ke nan. Ko kuma a ɗaure shi a jefa a ruwa: in ya nutse mai gaskiya ne, a yi maza a ciro shi, in ya taso mai laifi ne. Wannan gwaji sunansa ordeal, ita ma tsohuwar kalma ce mai nufin hukunci, amma a yau ma'anarta baƙar wahala. Cikin 1215 babban taron shugabannin cocin Katolika a Rum ya hana limamai sa hannu cikin wannan gwaji. Da limamai suka janye sai abin ya mutu, ya zama dole a nemi wata hanya.

Hanyar kuwa tana kusa. Tun cikin 1166 sarki Henry na Biyu ya yi doka cewa a kowace gunduma a zaɓi mutum goma sha biyu su rantse su faɗi waɗanda ake zargi da sata ko fashi ko kisa a yankinsu. Sai aka faɗaɗa aikin irin waɗannan mutane, aka ce su ne za su faɗi ko wanda ake tuhuma ya aikata ko bai aikata ba. Sunansu jury, daga kalmar Faransanci mai nufin rantsuwa. Abin da suka yanke kuma verdict, watau faɗar gaskiya. Kotunan Nijeriya ba sa aiki da jury a yau, joji ne ke yin aikin duka. Amma ka riƙe wannan a ranka, domin za mu komo kansa: an ɗauke hukunci daga wuta da ruwa an ɗora shi a kan hankalin mutane goma sha biyu na gari, waɗanda ba malamai ba ne, ba kuma sarakuna ba.

A cikin wannan shekara ta 1215 ne kuma manyan ƙasar suka tsare sarki John, wanda ya ishe su da karɓe-karɓe, suka sa ya buga hatiminsa a wata takarda da ake kira Magna Carta. Da Latin aka rubuta ta, kuma kakar kalmarka tana ciki. An ce sarki ba zai aza wa manya gudummawa ba sai da yardar majalisa, in ban da wuri uku: in an kama shi a yaƙi za a fanso shi, in zai yi wa babban ɗansa bikin zama jarumi, da in zai aurar da babbar 'yarsa. Ko a nan ɗin ma, sai gudummawar da take reasonable, watau daidai gwargwado. Akwai kuma wani sashe da zai yi muku daɗi ku biyun. An ce tara ta zama gwargwadon laifi, kada a ci falke tara har a cinye masa jari, kada kuma a ci manomi tara har a raba shi da kayan nomansa. Ba a daɗe ba sarkin ya warware alkawari, amma bayan mutuwarsa aka yi ta sabunta takardar.

Wani abin da zai ba ka dariya, Malam falke, shi ne kukan da ka yi, talakan Ingila ya riga ka yinsa da shekaru ɗari shida da wani abu. Ana yi masa shari'a da Faransanci, shi kuwa ba ya ji. Cikin 1362, zamanin sarki Edward na Uku, aka yi doka cewa daga yanzu a riƙa yin magana a kotu da Ingilishi, kuma dalilin da dokar ta bayar shi ne mutane ba sa fahimtar abin da ake faɗa dominsu ko a kansu. To, ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Lauyoyi kuma suka ci gaba da rubuce-rubucensu da wani gurɓataccen Faransanci nasu na kansu har wajen shekaru ɗari uku bayan haka. Sai cikin 1731 majalisa ta yi dokar da ta tilasta a rubuta takardun kotu da Ingilishi, ta soma aiki cikin 1733. A lokacin kuwa kalmomin aro sun riga sun zama 'yan gida, ba mai iya fitar da su.

Bari mu ɗan ratse, domin reason ba ita kaɗai ce ta fito daga kasuwa ba. Yawancin manyan kalmomin da Bature ke fahariya da su wajen tunani, in ka fasa su, kayan aikin falke da manomi za ka tarar a ciki. In alƙalai sun shiga ɗaki suna shawara, an ce suna deliberate. Cikin wannan kalma akwai libra, sunan sikeli a Latin, kuma daga libra ɗin ne aka sami haruffan nan biyu, lb, da ake rubutawa a jikin buhu in ana nufin laba. In lauya yana yi wa shaida tambayoyi, an ce yana examine. Asalinta examen, ɗan harshen nan na tsakiyar sikeli da ake zuba wa ido a ga inda ya karkata. Ponder, watau yin dogon nazari, daga kalmar nauyi ta fito, kuma dangi ɗaya suke da pound, wadda mu muka mayar fam. Discern, watau gane bambancin abu biyu masu kama, asalinta tankaɗe ne, raba gari da tsaki. Decide kuma, wadda kowane ɗan makaranta ya sani, asalinta yankewa, kamar da wuƙa.

Yanzu ka saurari bakinka. Ba ka cewa a auna magana kafin a faɗe ta? Ba a cewa an yi tankaɗe da rairaya kafin a zaɓi mutum? Ba yanke hukunci alƙali ke yi ba, kai kuma ka yanke shawara? Ba wanda ya kwaikwayi wani a nan. Ko'ina ɗan Adam yake, in zai yi maganar abin da ke gudana a cikin kansa, sai ya ɗauko sunan abin da hannunsa ya saba da shi. Mu ma kalmarmu ta hankali daga Larabci muka samo ta, daga aƙlu, kuma malaman lugga sun ce tushenta ɗaya da igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi da ita. Watau ga Balarabe hankali shi ne abin da ke ɗaure mutum kada ya yi ɓarna, ga Barume kuma shi ne abin da ke fitar da lissafi. A ganinmu kowannensu ya kama ƙafa ɗaya ce ta gaskiya.

To, mu koma kotu. Tambayar da ta rage ita ce, in an ce abu ya zama reasonable, da hankalin wa za a auna? Shari'ar da ta warware wannan, shari'ar manomi ce, cikin 1837. Wani mai gona a Ingila, sunansa Menlove, ya tara ciyawar dabbobi tuli guda a bakin iyakar gonarsa, kusa da wasu gidaje na maƙwabcinsa Vaughan. Ciyawar ba ta gama bushewa ba. Kowane manomi ya san in aka danne harawa da sauran ɗanyi, cikinta kan ɗauki zafi. A can ƙasar, inda tulin ke yin girman ɗaki, zafin kan kai har wuta ta tashi da kanta. Mako biyar ana yi masa gargaɗi. Da aka ce ya rushe tulin, sai ya ce zai gwada sa'arsa, kayansa kuwa da ma suna da inshora. Iyakar abin da ya yi, ya huda rami a tsakiyar tulin wai don iska ta riƙa shiga. Wuta ta tashi, ta cinye rumbunsa da bargarsa, ta haura ta cinye gidajen maƙwabci ƙurmus.

Aka ce ya biya. Ya ɗaukaka ƙara. Lauyansa ya kawo wata hujja mai ban tausayi, ya ce mutumin nan ya yi iyakar abin da hankalinsa ya ba shi, in Allah bai yi shi mai kaifin basira ba, ai ba laifinsa ba ne. Babban joji Tindal da abokan zamansa suka ƙi. Suka ce in aka bi wannan, ma'aunin zai riƙa canzawa kamar yadda tsawon ƙafar kowane mutum ya bambanta da na wani, kowa ya yi ɓarna sai ya ce iyakar wayonsa ke nan. Ma'auni ɗaya ne ga kowa, shi ne abin da mutum mai matsakaicin hankali da lura zai yi a irin wannan hali. Menlove ya biya.

Wannan mutum mai matsakaicin hankali shi ake kira reasonable man, kuma shi ne mai hankalin da ka ji tafinta yana ambata. Ba shi da suna, ba shi da gari, ba a taɓa ganinsa ba. Ba waliyyi ba ne, ba kuma wawa ba. Daga baya alƙalan Ingila suka riƙa kwatanta shi da fasinjan da ke zaune cikin motar haya zuwa Clapham, wata unguwa a London, watau dai mutumin gari kamar kowa, jikan mutanen nan goma sha biyu. In kana son ka gane shi, tuna ranar da shanu suka shiga gona aka kira mai unguwa da dattawa su yi ƙiyasin ɓarna. Ba sa bin kukan mai gona, ba sa bin rantsuwar mai shanu. Sukan duba su ce, a irin wannan gona, a irin wannan lokaci na damina, dami kaza ne. Aikin da kalmar ke yi ke nan.

Wuri na biyu da kalmar ke da nauyi, har ya fi na farko, shi ne shari'ar laifi. Nan za ka ji ana cewa beyond reasonable doubt. Cikin 1934 wani saurayi ɗan ƙwadagon gona a Ingila, mai suna Woolmington, matarsa ta yi yaji ta koma gidan uwarta. Ya bi ta da bindiga, bindiga ta tashi, matar ta mutu. Shi ya ce ya je ne ya tsorata ta da cewa zai kashe kansa in ba ta komo ba, harbin kuma kuskure ne. Jojin da ya yi shari'ar ya gaya wa jury cewa tunda an tabbatar shi ya harbe ta, shi ne zai kawo hujjar cewa kuskure ne. Aka yanke masa hukuncin kisa. Magana ta kai kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, watau Majalisar Dattawa, cikin 1935. Lord Sankey ya ce jojin ya yi kuskure. Ba aikin wanda ake tuhuma ba ne ya tabbatar da cewa ba shi da laifi, aikin mai gabatar da ƙara ne ya tabbatar da laifin, kuma in bayan an gama jin komai akwai sauran shakka irin wadda mai hankali zai yi, to a sallami mutum. Aka soke hukuncin, aka sake shi. Mai yiwuwa ne ya aikata da gangan, Allah kaɗai ya sani. Amma kotu ta zaɓi ta saki wanda take shakka a kansa da ta rataye shi.

Ka lura, ba a ce babu shakka ko kaɗan ba. Shakkar da ake nufi ita ce mai dalili, wadda za ka iya faɗar inda ta fito, alal misali shaidu biyu sun saɓa wa juna a kan ranar da abin ya faru. Shakkar "wa ya sani ko aljani ne" ba ta shiga lissafi.

Yadda kalmomin suka iso gare mu kuwa, ai kun san labarin. Ran 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, cikin 1903 kuma Kano da Sakkwato suka faɗa hannunsa. Turawa sun tarar da alƙalai da littattafansu da kalmominsu, waɗanda Hausa ta daɗe da ɗauka daga Larabci: shari'a, alƙali, hukunci, hujja, dalili, shaida, adalci. Suka bar kotunan alƙalai suna aiki, suka kafa nasu a gefe. Daga nasu ɗin muka ari kotu, da joji, da lauya, da majistare, da sammaci, da beli, da fursuna, har da shi kansa tafinta, wanda sunansa daga interpreter ya fito. Duba jerin nan da kyau. Sunayen ma'aikata ne da takardu da gine-gine. Ba mu ari kalma ko ɗaya ta tunani ba, domin muna da namu. Shi ya sa judge ta zama joji a bakin kowa, amma reason ba ta zama komai ba, sai dai tafinta ya duba wurin da ta faɗo ya zaɓo mata dalili, ko hankali, ko gwargwado.

Akwai inda za mu ce a yi hattara da kalmar. Sikeli ba ya ƙarya, amma a tambayi wanda ke riƙe da shi. A zamanin mulkin mallaka an ƙyale dokokin gargajiya su yi aiki bisa sharaɗin kada su saɓa wa abin da Turawa suka kira natural justice, watau adalcin da kowane ɗan Adam ya yarda da shi, amma Bature ne ke faɗin abin da ya saɓa da abin da bai saɓa ba. Fasinjan motar Clapham bai san zafin a zagi uwar mutum a tsakiyar kasuwa ba. Sannu a hankali kotunan ƙasar nan suka tsaya a kan cewa, a shari'ar wanda aka tsokana har ya yi aika-aika, za a auna shi ne da mai hankali na irin matsayinsa da irin zaman da yake yi, ba da mutumin London ba.

Ga wuraren da za ka ci karo da kalmar in wata rana ka sake shiga kotu a Nijeriya. Tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ce ana iya kama mutum in akwai reasonable suspicion, watau zargi mai dalili, ba don fuskarsa ba ta yi wa wani ba. In an kama shi kuma, a kai shi gaban kotu cikin reasonable time. A nan ba a bar kalmar sakaka ba, an faɗi adadi: kwana ɗaya in akwai kotun da ke da ikon jin ƙarar cikin tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace bisa halin da ake ciki. Wannan ƙa'ida ba ta hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Dokar shaida ta 2011 kuma ta raba ma'auni biyu. In shari'ar laifi ce, sai an kawar da shakka mai dalili. In kuwa ƙarar bashi ce ko ciniki ko gona, to balance of probabilities ake bi, ga sikeli ya sake fitowa, watau wanda hujjarsa ta rinjaya ko da kaɗan ne shi ke da gaskiya. Saboda haka a ƙarar ciniki, 'yar takardar da ka rubuta buhu nawa ka ba wane, ran kaza, gaban wane da wane, tana iya karkatar da harshen sikelin.

Ba ka gaya mana ko shari'ar ƙanenka ta laifi ce ko ta dukiya ba. In ta laifi ce, wannan sashe na 36 ya ba shi haƙƙin a yi masa bayanin tuhumar da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba. In tafinta ya faɗi abin da bai shige shi ba, yana da damar ya ce wa joji bai gane ba, a maimaita masa.